Ku Tsare Zauren Manhajarku

Ya ku ƙannena, maza da mata, na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, ku da kuka kama hanyar koyon rubuta manhajar kwamfuta. Wasunku na karatu a Jami'ar Bayero, wasu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wasu sun shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, wasu kuwa ba su da malami sai wayar hannu da ɗan datan da suka saya da kuɗin ƙwadago. Allah ya yi muku jagora baki ɗaya. Maganar da nake so mu yi ta shafi wani ɓangare na sana'ar nan da masu koyo suka fi rainawa, alhali ta nan ɓarna ta fi shigowa, wato yadda manhaja ke karɓar umarni da bayanai daga hannun mai aiki da ita.

Yankinmu yanki ne da lissafi ba ya ƙarewa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta ke ɗauke da noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, masunta kuma na cin abinci a bakinta. Shanshera na shiga injinan casa a Tudun Wada, masara na fitowa daga Doguwa mota-mota, ana haƙar ma'adinai a Riruwai, manyan motoci kuma ba sa yankewa a Kwanar Ɗangora. Kowane buhu da mai shi, da farashinsa, da kuɗin dako, da la'adar dillali, da bashin takin da za a cire in an yi girbi. A yau littafi da biro ne ke riƙe da mafi yawan wannan lissafi. Nan gaba manhaja ce za ta riƙe shi, kuma fatana ku ne za ku rubuta ta. Duk wanda ya rubuta manhajar da ke riƙe da lissafin gumin mutane, to amana ya ɗauka, ko ya sani ko bai sani ba.

Kafin manhaja ta samu maɓallai masu launi da hotuna, a baƙin allo take fara aiki, inda ake rubuta umarni layi guda a danna maɓallin shigarwa. Wannan tsari ya yi ƙarfi ne tare da Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a 1969, kuma har gobe da shi injiniyoyi ke sarrafa manyan kwamfutocin da intanet ke tsaye a kansu. A ce wata ƙungiyar manoman shinkafa ta ba ku aikin rubuta ƙaramar manhaja ta ajiye lissafi, kuka sa mata suna awo. Magatakardan ƙungiyar zai zauna da yamma, bayan an tashi daga kasuwa, ya rubuta:

awo shigar --gari Bebeji --buhu 40 --farashi 38000

Kalmar farko sunan manhajar ce, ta biyu aikin da ake so ta yi. Waɗanda ke da karan ɗori biyu a gabansu zaɓuɓɓuka ne, kowanne da bayanin da ke bin sa. Ku da ni mun karanta layin nan mun fahimci buhu 40 ne daga Bebeji. Kwamfuta ba haka ta gan shi ba. Akwai wata manhaja da ake kira shel, ita ce ke tsakanin mai rubutu da taku manhajar. Ita za ta fara karɓar layin, ta yayyanka shi a duk inda ta ga tazara, ta miƙo muku guntayen a jere. A harshen Haskell, getArgs ne ke ɗauko muku wannan jeri. Abin da ya kamata ya zauna a zuciyarku shi ne, duk guntayen nan rubutu ne zalla. Wancan 40 ɗin bai zama lamba ba tukuna, alamomi biyu ne kawai, 4 da 0, suna tsaye kusa da juna. Babu tabbacin garin da aka ambata yana nan, babu tabbacin farashin na hankali ne, babu ma tabbacin magatakarda bai manta da wani abu ba.

A gidan Bahaushe baƙo ba ya kutsawa tsakar gida. A zaure yake tsayawa ya yi sallama, a fito a ga ko wane ne, a ji abin da ke tafe da shi. In na shiga ne a yi masa iso, in ba na shiga ba ne a sallame shi cikin mutunci daga nan. Saboda an tsare zaure, matan gida da yara suna harkokinsu hankali kwance, ba sai kowa ya riƙa tambayar wanda ya gani a tsakar gida ko shi wane ne ba. Haka nake so ku gina manhajarku: wuri ɗaya tak da ake tsayar da duk abin da ya zo daga waje a tantance shi, ta yadda sauran sassan za su yi aikinsu ba tare da zargi ba.

Na zaɓi Haskell don yi muku bayani saboda yana cikin dangin harsunan da aka gina a kan fankshin irin na darasin lissafi. Fankshin ɗan yanki ne na manhaja da ake ba shi abu ya mayar da amsa. Dangin tsoho ne. John McCarthy ya fara Lisp a 1958, Robin Milner da abokan aikinsa suka fito da ML a Jami'ar Edinbura a shekarun 1970, OCaml kuma ya fito daga cibiyar bincike ta INRIA a Faransa a 1996. Shi Haskell, a 1987 ne wasu masana suka haɗu a birnin Portland na Amurka suka kafa kwamitin da ya fitar da shi a 1990, suka sa masa sunan masanin mantiƙi Haskell Curry. Ya fi 'yan'uwansa tsanani a kan sharaɗi ɗaya: in ka ba fankshin abu iri ɗaya sau dubu, amsa iri ɗaya zai ba ka sau dubu, kuma bai taɓa komai a gefe ba. Duk aikin da ya shafi hulɗa da waje, kamar karanta abin da mutum ya rubuta ko buɗe fayil ko buga amsa a allo, yana ɗauke da tambarin IO a jikin nau'insa, kowa na gani. Saboda haka harshen da kansa ke tura ka ka raba aikin gida biyu. Ɗauko guntayen rubutu daga waje aiki ne na IO, layi ɗaya ya ishe shi. Tantance su kuwa tsantsar lissafi ne: fankshin da za a ba jerin rubutu, ya mayar da ɗayan abu biyu, ko cikakken umarni mai tsafta, ko bayanin abin da ya hana. A Haskell ana rubuta alkawarinsa a layi guda:

tantance :: [String] -> Either Kuskure Umarni

Wanda ya riƙe wannan layin ya riƙe rabin darasin. Ga sauran.

Da farko, ku san abin da shel ke yi wa rubutu kafin ya iso gare ku, domin sunayenmu na gida su ne suka fi faɗawa tarkonsa. Magatakarda zai rubuta --gari Tudun Wada, kamar yadda kowa ke rubutawa. Shel zai ga tazara ya yanka, manhajarku ta karɓi gari mai suna Tudun, ga kuma wata kalma Wada ta rage a gefe. In da ma manhajar tana jiran sunan manomi a ƙarshen layi, shi ke nan, za ta rubuta cewa wani Malam Wada na garin Tudun ya kawo buhu 40, kuma ba za ta yi ko tari ba. Haka zai faru da Kwanar Ɗangora da Daɗin Kowa. Maganinsa shi ne a sa sunan tsakanin alamun buɗe magana da rufe magana, kuma manhajarku ta ƙi karɓar duk kalmar da ba ta san matsayinta ba. Sai kuma hamza. Rabi'u, Sa'adatu, Mas'udu: shel na ɗaukar wannan alama a matsayin buɗe magana, sai ya tsaya yana jiran a rufe, mai rubutu kuma ya zauna yana kallon allo yana tsammanin kwamfutar ta maƙale. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa. Wani zai rubuta Ƙiru, wani Kiru, wani ƙiru da ƙaramin harafi. A wurin kwamfuta garuruwa uku ne daban. Ku yanke shawara tun a zaure cewa duka ukun gari ɗaya ne, ku ajiye rubutunku da tsarin UTF-8 don kada ƙ da ɗ da ɓ su koma alamun tambaya. Sannan ku tuna lambar da ke ƙasa da sifili, kamar -5, da karan ɗori take farawa, tana kama da zaɓi. Akwai tsohuwar al'ada a duniyar Unix ta magance irin wannan ruɗani: in aka rubuta karan ɗori biyu su kaɗai, ma'anarsa zaɓuɓɓuka sun ƙare, duk abin da ya biyo baya bayani ne. Ku mutunta wannan al'ada, domin masu aiki da baƙin allo a ko'ina sun saba da ita.

Na biyu, kuma shi ne zuciyar nasihar: kada ku bar rubutu ya wuce zaure yana nan a rubutunsa. Ku mayar da shi abin da yake nufi, sau ɗaya, a wuri ɗaya. Ku dubi abin da ke faruwa in ba a yi haka ba. Magatakarda ya saba rubuta kuɗi da waƙafi, sai ya rubuta 38,000. A harshen C akwai fankshin mai suna atoi, a JavaScript akwai parseInt. Duka biyun za su fara karantawa, su ga 3, su ga 8, su ci karo da waƙafi su tsaya, su mayar da 38. Ba ƙara, ba gargaɗi. Buhun shinkafa ya koma naira 38 a littafin ƙungiya, kuma ba wanda zai sani sai ranar rabon kuɗi, ranar da za a fara kallon magatakarda da ma'aji da idon zargi. In kuma yatsa ya zame aka buga harafin O a madadin sifili, 4O zai koma buhu 4, buhu 36 sun ɓace a takarda. A Haskell akwai readMaybe. In ka ba shi 40 ka ce lamba kake so, zai mayar da Just 40. In ka ba shi 4O ko 38,000 zai mayar da Nothing, kuma nau'in amsar ba zai bari ka yi lissafi da ita kai tsaye ba, sai ka buɗe ta ka duba ko akwai lamba a ciki. Akwai ɗan'uwansa mai suna read, wanda in ya ga abin da bai gane ba sai ya kifar da manhajar gaba ɗaya. Ku guje shi a duk abin da ya fito daga hannun mutum.

Ku ƙara gaba, ku ƙirƙiri nau'o'in da suka dace da aikinku:

data Gari = Bebeji | Ƙiru | TudunWada | Doguwa
data Awo = Buhu Int | Kwano Int
data Umarni = Shigar Gari Awo Farashi | Rahoto Gari | Goge Gari

Layi na farko ya ce garuruwa huɗu ne, babu na biyar. Da zarar rubutu ya zama Gari, babu sauran wani sashe na manhajar da zai sake fargabar ko an yi kuskuren harafi. In ƙungiya ta faɗaɗa aka ƙara Rano, GHC, wato manhajar da ke harhaɗa rubutun Haskell, zai nuna muku duk wurin da kuka manta da sabon garin, matuƙar kun kunna gargaɗinsa. Wata mai rubuta manhaja, Alexis King, ta yi rubutu a kan wannan tunani a 2019, ya yaɗu sosai a tsakanin masu sana'ar. Abin da take nufi shi ne, dubawa kawai a ce abu ya yi daidai sannan a bar shi yadda yake bai wadatar ba, domin wanda ke gaba bai san an duba ba. A mayar da shi wani nau'i da shi kansa shaida ne cewa an duba. Wani mai suna Yaron Minsky na kamfanin Jane Street, inda suke gudanar da harkar kuɗi da OCaml, shi ma ya daɗe yana koyar da cewa a tsara nau'o'i ta yadda halin da bai halatta ba ba zai ma rubutu ba.

Layi na biyu kuma ya shafi ma'auni. Lamba ba ta da ma'ana sai an san me take ƙirgawa. Buhu 40 daban, kwano 40 daban. Buhun taki kilo 50 ne, buhun shanshera ba haka yake ba, kwanon wannan kasuwa kuma ba lallai ya zo ɗaya da na waccan ba. Eka daban, hekta daban. Kada ku ɗauka wannan matsalar ƙauye ce. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da ya isa duniyar Mars, saboda manhajar wani sashe tana ba da lissafin ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam na Amurka, wadda ke karɓa kuma tana ɗauka ma'aunin mita ne. Lambobin sun wuce lafiya, ma'aunin ne bai bi su ba. Haka nan ba duk abin da aka rubuta da alƙaluma ne lamba ba. Lambar waya da ta fara da 080, in kuka mayar da ita lambar lissafi, sifilin farko zai faɗi. Lambar asusun banki alƙaluma 10 ce, NIN da BVN kowacce 11. Ba a tara su, ba a ɗebe su, sunaye ne da aka rubuta da alƙaluma, don haka ku ƙirga tsawonsu ku ajiye su yadda suke. Kwanan wata ma haka: 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurin Ba'amurke 4 ga Maris. Ku tsayar da tsari ɗaya, shekara, wata, rana, ku rubuta shi ƙarara a bayanin manhajar.

Na uku, kada ku ce sai kun ƙera komai da hannunku. Sau ɗaya, don koyo, ku rubuta mai tantancewa tun daga tushe, ku ji wahalarsa a jikinku. Amma in aikin mutane ne, ku ɗauki kayan da aka riga aka goge. Haskell na zuwa da System.Console.GetOpt, wanda Sven Panne ya rubuta bisa tsarin getopt na GNU. Akwai cmdargs na Neil Mitchell. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne optparse-applicative, wanda Paolo Capriotti ya fara. Masu OCaml suna da Cmdliner na Daniel Bünzli. Hikimar optparse-applicative ta cancanci ku tsaya a kanta. Ba ka rubuta matakan bincike ɗaya bayan ɗaya. Kana bayyana kowane zaɓi ne sau ɗaya: dogon sunansa, gajeren sunansa, irin bayanin da yake karɓa, abin da za a ɗauka in ba a ambace shi ba, da jimla guda ta bayani. Sai ka haɗa ƙananan bayanan nan su zama babba. Tsarin haɗawar ya samo asali daga aikin da Conor McBride da Ross Paterson suka wallafa a 2008, kuma amfaninsa shi ne ana iya karanta fasalin mai tantancewar tun kafin a ba shi ko kalma ɗaya. Saboda haka daga bayani guda ake samun abu uku: mai tantance umarnin, da rubutun taimako da ke fitowa in an rubuta --help, da cike sauran kalma in mutum ya fara rubutawa ya danna Tab. Tunda tushensu ɗaya, rubutun taimako ba zai taɓa faɗin abin da manhajar ba ta yi ba. Wanda ya rubuta su daban-daban, wata rana zai gyara ɗaya ya manta da ɗaya.

Na huɗu, ku koyi ladabin ƙin karɓa. Mutumin da ke gaban allon nan wataƙila sa'an mahaifinku ne, ya wuni a rana yana ƙirga buhuna, Ingilishinsa kaɗan ne. In ya yi kuskure manhajarku ta watso masa layi ashirin na kalmomin da ku kanku sai kun duba kafin ku gane, kun wulaƙanta shi. Saƙon kuskure mai kyau yana faɗin abu uku: abin da aka gani, abin da ake jira, da yadda za a gyara. Misali: an ga 38,000 a gaban --farashi, ana jiran lamba ba waƙafi, a rubuta 38000. Ku rubuta shi da Hausa, babu dokar da ta hana. In an rubuta --bahu a madadin --buhu, manhajar ta tambaya ko --buhu ake nufi. Sannan akwai ladabi tsakanin manhaja da manhaja. In aiki ya yi kyau, ta fita da lambar sifili, in bai yi ba, ta fita da wata lambar daban, saƙon kuskure kuma ya bi ta hanyar da aka ware wa kurakurai, kada ya cakuɗe da sakamako. Da wannan ne wata manhajar da ke jiran taku za ta san ko ta ci gaba ko ta dakata.

Na biyar, umarnin da ke iya ɓarna ku sa masa takunkumi. Magana zarar bunu ce, umarnin baƙin allo ma in ya fita ya fita. Ranar 28 ga Fabrairu, 2017, wani ma'aikacin kamfanin Amazon, mai cikakken izini, yana bin rubutaccen tsarin aiki, ya ba da umarnin a janye 'yan tsirarun kwamfutoci daga aiki a sashen ajiyarsu da ake kira S3, a cibiyarsu ta arewacin jihar Bajiniya. Ɗaya daga cikin bayanan da ya miƙa wa umarnin ya shiga ba daidai ba, sai manhajar ta janye kwamfutoci masu yawa fiye da yadda ya nufa. Kimanin awa 4 aka yi ɗimbin shafukan intanet da manhajoji suna tangal-tangal, har shafin da Amazon ke sanar da jama'a lafiyar ayyukansa abin ya shafa. Da kamfanin ya fito da bayani, kayan aikin ya ɗora wa nauyi, ya ce sun bari an janye abu mai yawa cikin gaggawa. Aka gyara su suka koma janyewa a hankali, aka kuma sa musu iyakar da ba za su ƙetare ba ko da an umarce su. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. In wannan ya samu ƙwararre a irin wancan kamfani, magatakardan da ya gaji, ga batirin kwamfuta na shirin mutuwa, shi ma yatsansa zai zame wata rana. Saboda haka umarnin goge ya faɗi adadin bayanan da zai goge, ya jira a tabbatar masa. Ku sa zaɓin gwaji, wanda zai nuna abin da zai faru ba tare da ya aikata ba. In manomi ɗaya ya zo da buhu 40000, manhajar ta tsaya ta tambaya. In an bar wurin gari babu komai, kada ta fassara shirun da cewa duk garuruwa ake nufi. Kuma kada ku taɓa karɓar kalmar sirri a matsayin zaɓi a layin umarni, domin shel na ajiye tarihin abin da aka rubuta, wasu masu amfani da kwamfutar kuma na iya ganin umarnin da ke gudana.

Na shida, ku gwada. A nan ne za ku ci ribar raba aikin da kuka yi tun farko. Tunda tantance fankshin ne na tsantsar lissafi, ba ya buƙatar allo ko fayil ko intanet kafin a gwada shi. Ku tara masa miyagun layuka: mai waƙafi, mai hamza, wanda aka maimaita zaɓi sau biyu, wanda babu komai a cikinsa. Ku rubuta amsar da kuke jira daga kowanne, ku riƙa gudanar da su duk lokacin da kuka taɓa rubutun. Koen Claessen da John Hughes na Jami'ar Chalmers a Suwidin sun ƙirƙiri QuickCheck, wanda ke ƙirƙiro ɗaruruwan bayanai barkatai ya jefa wa fankshin ɗinku, in ya samu wanda ya karya shi ya rage shi zuwa mafi ƙanƙantar misali ya nuna muku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuskuren da kuka kama a ɗakinku ya fi sauƙi a kan wanda za a kama muku a gaban shugabannin ƙungiya.

Na san wani zai ce, Yaya, wa ke ɗaukar mai Haskell aiki a Kano? Tambaya ce ta gaskiya. Yawancin aikin da za ku samu a ƙasar nan da Python ne ko JavaScript ko PHP ko Java, kuma ina ba ku shawara ku iya ɗaya daga cikinsu sosai don cin abinci. Amma tarbiyyar da Haskell zai yi muku za ta bi ku duk inda kuka je. Python na da argparse, Rust na da clap, kuma wanda ya saba tambayar kansa me zai faru in babu, me zai faru in ba daidai ba ne, zai yi aiki da su fiye da wanda bai saba ba. Kuma kada ku ɗauka dangin nan na cikin aji ne kawai. Manyan kwamfutocin WhatsApp da kuke aika saƙo da shi kullum da Erlang aka gina su, harshen da ya fito daga kamfanin Ericsson a shekarun 1980. Facebook ya yi amfani da Haskell wajen tace saƙonnin banza. Pandoc, manhajar baƙin allo da marubuta a faɗin duniya ke juya rubutu da ita daga wannan tsari zuwa wancan, John MacFarlane ne ya fara ta da Haskell a 2006, kuma shi malamin falsafa ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Ku buɗe rubutun taimakonta ku karanta a tsanake, ku ga yadda ake tsara zaɓuɓɓuka masu yawa ba tare da an ruɗa mutum ba.

Rashin wuta da tsadar data gaskiya ne, amma wannan ɓangare na sana'ar shi ya fi kowanne haƙuri da talaka. Baƙin allo ba ya cin batir kamar bidiyo, tsohuwar kwamfuta ma ta ishe shi. Mai wayar Android na iya sa Termux ya fara saba hannunsa da shel. Tsara zaɓuɓɓuka da nau'o'i kuwa a takarda ake fara shi, da biro, ko da fitilar waya. In kun nemi taimakon manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira su rubuta muku, ba laifi, amma ku karanta kowane layi, ku jefa masa Tudun Wada da Rabi'u da 38,000 ku ga abin da zai yi. Ranar da lissafi ya ɓaci, ku za a kira, domin sunanku aka sani.

Ga aikin da nake roƙon kowannenku ya yi a wannan makon. Ku rubuta ƙaramar manhaja mai zaɓi uku kacal. Ku kai ta wurin wani mai injin casa ko magatakardan ƙungiya ko ƙanwarku da ke sakandare, ku ba shi ya gwada, ku kame bakinku ku zuba ido. Duk inda ya tsaya yana sosa kai, ku rubuta a takarda, ku koma ku gyara, kada ku ce shi ne bai iya ba. Ku yi ta maimaitawa har ta kai ba ta karɓar abin da bai dace ba, kuma ba ta kunyata wanda ya yi kuskure. Manoma da 'yan kasuwar yankinmu sun cancanci lissafin da za su dogara da shi, kuma ku ne 'ya'yansu da Allah ya ba wannan ilimi. Ku riƙe amanarsu da kyau. Allah ya sa albarka a karatunku, ya tsare hannuwanku daga cutar da kowa, ya sa ku amfani iyayenku da al'ummarku.